Jingar Turanci ta GST 111: yadda ake shiri, a rubuta, a miƙa

Tun da aka buɗe zangon karatu saƙonnin da ke shigo mini kusan iri ɗaya ne. Ƙannenmu 'yan aji ɗaya ne daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato, har da 'yan Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, waɗanda su GSE suke ce wa nasu. Wani yaro ɗan unguwarmu ya tare ni a bakin masallaci bayan La'asar ya ce, "Yaya, wanga Turanci na GST ƙaƙa za mu yi da shi? An ba mu jinga, ban ma san inda zan taɓa ba." Na gaji da amsa wa mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Kwas ɗin da ake magana shi ne GST 111, sadarwa da Turanci, ɗaya daga kwasa-kwasan gama-gari (GST) da kowane ɗalibi ke ɗauka, a sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a Disamban 2022. Yayyenku da yawa da GST 101 suka san shi. Yunit biyu ne kacal, kuma nan gizo ke saƙa: ɗan likitanci da ɗan lissafi suna ganin ƙaramin abu ne da za a haɗiye a dare ɗaya. Raina kama ka ga gayya. Ba a ba ka digiri sai ka ci shi, kuma na san waɗanda suna aji uku suka koma zama da 'yan aji ɗaya saboda shi. Ga yadda ake bi, a jere.

1. Makon farko: samo manhajar kwas

Kafin ka sayi ko biro, nemi takardar da ke ɗauke da jerin darussan kwas ɗin. Malami kan ba da ita a laccar farko, ko ya ba kilas ref, wato wakilin aji, ya tura a guruf ɗin WhatsApp. Duba darussan da yadda aka jera su, littafin da aka ce a karanta, yadda aka raba maki, da rukunin da aka sa ka, domin saboda yawan ɗalibai akan kasa 'yan GST rukuni-rukuni, kowane da malaminsa da ɗakinsa.

Manyan darussan su ne: sautukan Turanci, azuzuwan kalmomi, ginin jimla da nahawu, tunani bisa hujja, haƙƙin mallaka, rubutu iri-iri kamar insha'i da wasiƙa da rahoto da taƙaitawa, dabarun karatu, sauraro, da magana a gaban jama'a.

Sai ka yi wannan lissafin tun yanzu. Jinga da tes, abin da ake ce wa CA, suna ɗaukar maki 30 ko 40 cikin 100, gwargwadon tsarin jami'a. A na farawa daga 70, B daga 60, C daga 50, ƙasa da 40 kuwa faɗuwa ce. A ce CA ɗinku 40 ne. Wanda ya tara 30 yana neman 40 cikin 60 a jarrabawa ya samu A. Wanda ya tara 10 kuwa sai ya cinye 60 ɗin nan duka, bai kuskure ko ɗaya ba. Ka ga ke nan jingar da ake rainawa ita ce ke yanke hukunci tun kafin a shiga jarrabawa.

Hattara: buɗe takardar rajistar kwasa-kwasanka ka tabbata lambar kwas ɗin tana ciki daidai. Kwas ɗin da ba ka yi wa rajista ba, ko ka ci 90 makin ba zai fito ba. Sannan yawancin jami'o'i suna neman halartar lacca kashi 75 cikin 100 kafin a bar mutum ya zauna jarrabawa, kada ka dogara da aboki ya riƙa sa maka hannu.

2. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Littafin rubutu ɗaya mai kauri na wannan kwas kaɗai. Ɗan ƙaramin littafi na aljihu don sababbin kalmomi. Fayil ɗin roba na ajiye takardu. Littafin kwas ɗin da sashen GST ya amince da shi. Sai ƙamus, kuma na Turanci zuwa Turanci, irin na Oxford da aka yi don masu koyo, domin shi ne zai nuna maka yadda kalma ke zama a jimla da yadda ake furta ta. Ƙamus na Turanci zuwa Hausa ma'ana kawai zai ba ka, ya bar ka a hanya. Idan aljihu bai kai ba, shafin ƙamus na Cambridge a intanet kyauta ne, har da murya mai furta kalmar.

A wayarka saka WPS Office ko Google Docs. Dalili kuwa kuɗi ne. A shagunan kwamfuta ana cajin buga rubutu da hannu a kan kowane shafi daban, fitar da shi a takarda daban, kuma na farkon ya fi tsada. Wanda ya buga abinsa a waya kuɗin fitarwa kawai zai biya. Sauran ramukan da kuɗi ke zurarewa su ne fotokwafi, data, da kuɗin mota ga mai fitowa daga cikin gari zuwa Dundaye, inda mazaunin Jami'ar Ɗanfodiyo yake. Farashi na motsi kusan kowane zango, don haka tambayi kuɗin shafi kafin ka miƙa aiki, ba bayan an gama ba. Littafin kwas kuwa mutum biyu ko uku na iya haɗa kuɗi su saya, sai dai idan akwai shafukan aiki da malami ke karɓa daga kowa.

Hattara: handawut ɗin da yayanka ya ba ka na shekaru biyar da suka wuce yana da amfani don ƙarin karatu, amma ka gwada shi da manhajar bana. Akwai darussan da aka ƙara.

3. Shirin lacca

Minti talatin ya isa, kuma a garin nan lokacinsa bayan Asuba ne. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, wanda ya ce zai yi karatu da ƙarfe biyu na rana yaudarar kansa yake yi.

Hanyar da za a koya muku a kwas ɗin, har ma a tambaye ku a jarrabawa, ita ce SQ3R, wadda wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan Amurka, Francis Robinson, ya fito da ita. Gara ka fara aiki da ita tun yanzu maimakon haddace sunanta. Da farko leƙa babin sama-sama: kanun magana, kalmomin da aka yi wa baƙi, sakin layin farko da na ƙarshe. Sai ka mayar da kowane kan magana tambaya ka rubuta. Sai ka karanta kana neman amsar tambayoyin nan. Sai ka rufe littafin ka faɗi abin da ka gane da bakinka, ko da Hausa ne. A ƙarshe ka koma ka duba abin da ya kuɓuce maka. Wanda ya yi makarantar allo ya san matakin rufe littafi, tilawa ce kawai aka sake wa suna.

Duk kalmar da ta tsaya maka, ka sa ta a littafin aljihu tare da jimlar da ka same ta a ciki. Biyar a rana sun isa. Abin da ba ka gane ba ka yi masa alamar tambaya, shi za ka kasa wa kunne a lacca.

4. A cikin lacca

Je da wuri ka zauna gaba. Ɗakin GST cike yake maƙil, kuma ranar da lasifika ta ƙi aiki na baya sai dai su kalli bakin malami.

Raba shafinka uku, irin tsarin da ake danganta wa Jami'ar Cornell. Ja layi daga sama zuwa ƙasa ka bar kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗin shafin a hagu, sannan ka bar layi biyar a ƙasa. A babban filin dama kake rubutu lokacin lacca, kuma ba duk abin da malami ya faɗa ba: ma'ana, rabe-rabe, misalai, da duk abin da ya maimaita sau biyu. Filin hagu da na ƙasa a ranar za ka cike su, tsakanin Magariba da Isha'i ma ya isa. A hagu ka rubuta tambayoyin da bayanin dama ke amsawa, a ƙasa ka taƙaita laccar cikin jimla biyu ko uku da Turancinka. Ranar shirin tes sai ka rufe dama da tafin hannu ka amsa na hagu.

Hattara: ɗaukar hoton allo ko na littafin aboki ba karatu ba ne. Hotunan nan a waya suke mutuwa, tsakanin hoton biki da na ɗinki.

5. Ranar da aka ba da jinga

Kwafe tambayar harafi da harafi daga bakin malami ko daga allo, kada ka jira sigar da za ta zagayo guruf, domin kafin ta zo maka an yanke mata wutsiya. Rubuta yawan shafuka ko kalmomin da ake so, da hannu ne ko da kwamfuta, ranar miƙawa da awa, da wanda za a miƙa wa.

Sai ka ja layi a ƙarƙashin kalmar umarni, domin ita ce tambayar. "Define" ma'ana yake nema, gajeriya. "Explain" yana son yadda abu ke faruwa da dalilinsa. "Discuss" yana son ka kawo ɓangarori fiye da ɗaya ka auna su. "Compare and contrast" kamanci da bambanci, duka biyun. "Illustrate" misalai. Na sha ganin an ce "discuss" ɗalibi ya jero abu goma da lambobi, kowane layi ɗaya, ya yi ta mamakin samun 3 cikin 10.

Idan mako biyu aka bayar, raba su daga ƙarshe zuwa farko: kwana biyu na ƙarshe na fitarwa da miƙawa ne, biyu kafin su na gyara, huɗu na rubutu, sauran na neman bayani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6. Neman bayani

Fara da littafin kwas da rubutunka na lacca, domin daga nan malami ya ɗauko tambayar. Sai ɗakin karatu. 'Yan Ɗanfodiyo suna da Ɗakin Karatu na Abdullahi Fodiyo, kuma abin kunya ne a ce mutum ya gama aji ɗaya bai san ƙofarsa ba. Sai Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen masana a intanet. Jingar aji ɗaya madogara uku zuwa biyar sun wadatar, in dai ka karanta su da gaske.

Duk littafin da ka taɓa, nan take ka rubuta sunan marubuci, shekara, sunan littafi, kamfanin ɗab'i, da lambar shafi. Wanda ya ce sai ya gama zai dawo ya nema, zai tarar wani ya are littafin.

Hattara: ChatGPT da ire-irensa suna iya ƙirƙiro sunan littafi da marubucin da babu su a duniya, su jera maka su tsaf kamar gaske. Kuma malamin da ya ga rubutunka na tes ya san iyakar Turancinka. Ka tambaye su bayanin abin da ya shige maka duhu idan kana so, amma kada su rubuta maka jinga, kada kuma ka ɗauki madogarar da idonka bai gani ba.

7. Rubutun kansa

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Kada ka fara da gabatarwa. Ɗauki farar takarda ka rubuta amsarka ga tambayar a jimla ɗaya. Idan jimlar ta ƙi fitowa, ba ka gama fahimta ba, koma mataki na 6. Idan ta fito, jera hujjoji uku ko huɗu a ƙarƙashinta, kowace da misalinta da madogararta. Wannan shi ne ƙashin aikin, kuma babu laifi ka tsara shi da Hausa.

Kowace hujja sakin layi ɗaya ce. Jimlar farko ta faɗi hujjar, na tsakiya su yi bayani su kawo misali, ta ƙarshe ta ɗaure ta da tambayar. Sai ka gama gundarin aikin sannan ka koma ka rubuta gabatarwa, domin a lokacin ne ka san abin da kake gabatarwa. Gabatarwar kada ta wuce sakin layi ɗaya, kuma ka rabu da buɗewar nan ta "tun farkon halittar duniya ɗan'adam ke sadarwa". Malami ya karanta irinta ɗari kafin ya iso taka. Kammalawa ma sakin layi ɗaya, ba tare da sabuwar hujja ba.

Tsara tunani da Hausa daidai ne, abin da ke kayar da mu shi ne ɗauko jimlar Hausa mu sa mata rigar Turanci. Muna cewa "ara mini biro" sai mu rubuta "borrow me your pen", alhali mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa ne ke "borrow". Muna jin wari, sai mu rubuta "I am hearing smell". Muna shan magani, sai "drink medicine" maimakon "take medicine". Wane ya ci kuɗin ƙungiya, sai "he ate the money". Muna cewa "ina zuwa" alhali tafiya za mu yi, sai ta koma "I am coming". Tun da mota mace ce a Hausa, sai ka ga an rubuta "the car, she is old". Ka buɗe shafi na musamman a bayan littafinka ka riƙa tara irin waɗannan duk lokacin da aka kama ka da ɗaya. Kafin ƙarshen zango za ka ga kurakuranka ba su fi goma sha biyar ba, su ne dai suke ta dawowa.

Maganin da na gani yana aiki shi ne gajeriyar jimla. Mai aikatawa, aiki, abin da aka aikata, aya. Jimlar da ta kai layi huɗu da "and" da "which" da "whereby" yawanci ta ɓace a hanya. Manyan kalmomin da aka tsinto a ƙamus don burge malami su ma bar su, sai wadda ka san zamanta.

Idan za ka kawo maganar wani da kalmominka, karanta wurin sau biyu, rufe littafin, rubuta abin da ka gane, sannan ka buɗe ka gwada. Idan jimlarka ta bi sawun tasa, kalma biyu kawai ka musanya, to satar fasaha ce har yanzu. Idan kuwa kalmominsa kake so daidai, sa su cikin alamar zancen wani ka faɗi shafin.

Hattara: kada ka ba aboki jingarka "ya duba yadda ka yi". Idan aiki biyu suka zo iri ɗaya, malami ba shi da lokacin binciken wanda ya kwafi wani, duka biyun yake sokewa.

8. Idan jingar taƙaitawa ce

Karanta nassin sau biyu. Ciro babbar magana ɗaya daga kowane sakin layi, ka zubar da misalai da maimaici da ado. Rubuta da kalmominka, cikakkun jimloli, ba tare da ra'ayinka ba. Idan an ce jimla uku, uku ɗin ake nufi, ta huɗu asara ce.

9. Gyara

Bar aikin ya kwana. Washegari ka bi shi sau uku, kowane zagaye da abin da kake farauta.

Zagayen farko na ma'ana ne: na amsa abin da aka tambaya? Akwai sakin layin da za a cire ba a rasa komai ba? Cire shi.

Na biyu na nahawu ne, kuma da ƙarfi za ka karanta, domin kunne na kama abin da ido ya tsallake. Duba jituwar mai aikatawa da aiki: "he goes", "they go", "one of the students is". Duba ko ka fara labari da shuɗaɗɗen lokaci ka tsallaka zuwa na yanzu. Farauci kalmomin da ba sa ɗaukar jam'i amma muke liƙa musu: babu "informations", babu "advices", babu "equipments", babu "furnitures". "Discuss" ba ya tafiya da "about". Bayan "did" aiki ba ya ɗaukar shuɗaɗɗen lokaci, "did not go" ne, ba "did not went" ba.

Na uku na ƙa'idar rubutu ne: babban baƙi a farkon jimla da sunaye, aya, waƙafi, da tagwayen nan masu rikitarwa irin "their" da "there", "its" da "it's", "lose" da "loose". Tsaya kan rubutun Ingila, "colour" da "centre", wanda shi aka saba da shi a makarantunmu, ka kuma saita manhajar wayarka a kansa don kada ta riƙa mayar maka da shi na Amurka. Rubutun hirar waya irin "u" da "bcos" kuwa ko ɗaya kada ya tsira.

10. Manazarta

Tambayi malami salon jera madogara da yake so. Idan bai faɗa ba, APA aka fi amfani da shi, kuma bugu na 7 da ya fito a 2019 shi ne na yanzu. A cikin rubutu kana sa sunan ƙarshe na marubuci da shekara a baka biyu, da lambar shafi idan kalmominsa ka ɗauko. A shafin ƙarshe kana jera su bisa abacada: sunan ƙarshe, harufan farko na sauran sunayen, shekara, sunan littafi a karkace, kamfanin ɗab'i. Bugu na 7 ya daina neman garin da aka buga littafi.

Sunayenmu kan rikita ɗalibai a nan, domin na ƙarshe sau da yawa sunan mahaifi ne ko na gari. Ka bi yadda marubucin ya jera sunansa a bangon littafin, ka ɗauki na ƙarshen. Laƙabi irin Farfesa, Dakta, Alhaji ko Malam ba ya shiga. Duk wanda ka ambata a ciki ya fito a jerin ƙarshe, duk wanda ke jerin ƙarshe kuma a same shi a ciki.

11. Fitarwa da miƙawa

Idan ba a ba da wani tsari ba, takardar A4, rubutun Times New Roman mai girman 12, tazarar layi biyu ko ɗaya da rabi, da lambar shafi. Bango ya ɗauki sunan jami'a, tsangaya da sashe, lambar kwas da sunansa, tambayar, sunanka, lambar admishan, sunan malami da kwanan wata. Mayar da aikin PDF kafin ka tura wa mai shago, in ba haka ba kwamfutarsa za ta wargaza maka tsari. Tura ta WhatsApp ko imel ya fi fulash, wanda ke kwaso bairos daga kwamfuta zuwa kwamfuta.

Ina aji ɗaya na kai jingata da na rubuta da hannu wani shago da daddare, gobe da ƙarfe takwas za a karɓa. Yaron shagon yana tsakiyar bugawa aka ɗauke wuta, janareta ba mai. Da safe na karɓa a tsaye, ban ko buɗe ba, na ruga na miƙa. Da aka liƙa makin CA na duba sama na duba ƙasa, babu ni. Ashe ya juya lambobi biyu na ƙarshen lambar admishan ɗina. Na sami malamin a ofis na ce, "Allah shi gafarta Malam, wallahi na yi jingar nan." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗana, ku ɗari nawa ne? Ni lamba nake gani." Mako uku ina sintiri kafin aka tono takardar daga cikin tuli. Laifin yaron shago kaɗan ne, ni ne ban karanta ba.

Don haka karanta abin da aka fitar maka a nan cikin shagon, musamman bango. Ɗauki hoton kowane shafi. Idan ta hannun kilas ref ake miƙawa, sa hannu a takardar waɗanda suka miƙa, ka ɗauki hoton layin da sunanka yake.

12. Jingar rukuni da gabatarwa

A zaman farko a rubuta wanda zai yi me da ranar da zai kawo, a tura a guruf kowa ya gani. Mutum ɗaya ya haɗa aikin ya daidaita harshensa, don kada ya fito kamar rigar da tela biyar suka ɗinka. Kuɗin fitarwa a raba tun farko. Kowa ya karanta aikin duka, domin malamai sun gane dabarar tura gwani gaba, sukan nuna wanda ya ɓuya a baya su ce shi zai amsa.

Idan kai ne mai gabatarwa, kada ka karanta takarda kai a sunkuye. Rubuta kanun magana a ɗan kati, ka gwada sau uku da agogo, ka naɗi muryarka a waya ka saurara. 'Yan'uwa mata da ke jin nauyin ɗaga murya a gaban maza, ku fara gwadawa a ɗaki gaban ƙawaye, ku zaɓi mutum ɗaya a layin ƙarshe ku yi magana kamar da shi kuke.

13. Sautuka

Wannan sashen ba ya karantuwa a dare ɗaya, minti goma kullum yake so. Turanci na da haruffa 26 amma sautuka 44: wasula 20, baƙaƙe 24. A jarrabawa sauti ake tambaya, ba harafi ba, shi ya sa ake kama mutane da haruffan da ba a furtawa, kamar "b" a "debt" da "comb", "t" a "listen", "p" a "receipt", "w" a "sword".

Mu Sakkwatawa da muke cewa "tahi" da "hwara", rikicinmu da "p" da "f" ninki biyu ne. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka. A "pan" leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe, takardar ta yi tsalle. A "fan" haƙoran sama ke hawa leɓen ƙasa iska ta zirara. Haka "vote" da "boat". Sautukan "th" kuwa wanda ya yi tajwidi ya riga ya mallake su: na "thin" shi ne na harafin ث, na "this" kuma na ذ. Muna kuma da wata riba. Kunnen da ke bambanta gari na zama da garin tuwo ba zai sha wahalar "ship" da "sheep" ko "full" da "fool" ba. Abin lura na ƙarshe shi ne wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe, irin wanda ya mayar da "bread" burodi. Saurari kalmar a ƙamus na waya, maimaita, naɗi muryarka, gwada.

14. Tes da jarrabawa

Jami'o'i da dama da kwamfuta suke yin jarrabawar GST, tambayoyin zaɓi, lokaci a ƙure. Nemi tambayoyin shekarun baya tun tsakiyar zango, ka amsa su da agogo a gabanka. Amsoshin da ke yawo tare da su kada ka yarda da su ido rufe, ɗalibai ne irinka suka zaɓa, ka tabbatar da kowace a littafin kwas. Duk wadda ka faɗi, koma babinta.

Kafin ranar jarrabawa ka je ka ga makin CA ɗinka da idonka, domin gyaran kuskure ya fi sauƙi kafin a haɗa sakamako. Ranar kuma ka fita da wuri, layin motar zuwa jami'a a Dandima ba ya jin uzuri. Katin shaida da katin jarrabawa a aljihu, waya a gida ko a ɗaki. Idan ka zauna, duba allon ka tabbata sunanka da lambarka ne suka fito. A tambayoyin auna fahimta fara karanta tambayoyin kafin nassin. Wadda ta tsaya maka tsallake ta ka dawo, ka kuma lura da masu ɗauke da "not" ko "except", waɗanda gaggawa ke sa a amsa su a juye. Idan kwamfutar ta tsaya ko ta mutu, ɗaga hannu ka kira mai sa ido, kada ka taɓa komai da kanka. Kafin ka tashi ka danna maɓallin miƙawa, ka jira allon ya nuna an karɓa.